Ɗori a Kan Ƙarfe

Ranar da Zulaihat ta dawo ɗakinta a Babban Duhu, abu biyu ta shigo da su waɗanda gidan bai taɓa gani ba: ƙarfe a cikin dantsenta na dama, da wata 'yar takarda mai zanen mutum yana hawan bango da yatsunsa.

Sati uku ke nan da babur ya zubar da ita a hanyar Ruma, tana dawowa daga suna a gidan yayanta. Da goyo a bayanta, Surayya, 'yar wata bakwai. Da ta ga za su kai ƙasa sai ta tokare da hannu don kada yarinyar ta bugu. Yarinya ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma dantsen uwar ya karye gida biyu. Yayan nata, Malam Tayyib, malamin makaranta ne a Batsari, kuma ba ya jan magana. Bai tsaya neman izinin kowa ba, ya sa ta a mota sai Katsina. Aka yi tiyata, aka shimfiɗa ƙarfe a jikin ƙashin, aka kafe shi da kusoshi takwas, aka ɗinke.

To, inda abin ya zo da tangarɗa, gidan da Zulai ke aure gidan ɗori ne. Surukinta Barau, uban mijinta Mannir, shi ne maɗorin da ake ji da shi tun daga Tsaskiya har bakin daji. Gado ne kaka da kakanni. Zaurensa ba ya rabo da mai karaya, wani a kan babur, wani a amalanke, kuma gaskiya ita ce mutane da yawa sun shiga ana ɗauke da su sun fita da ƙafafunsu. Wannan ba mai musun sa.

Kafin a sallame ta, ma'aikaciyar gashin ƙashi ta zaunar da ita ta yi mata bayani dalla-dalla.

"Zulaihat, saurare ni da kyau. Ƙashin nan ƙarfe ya riƙe shi, ba ruwanki da shi. Kada ki ɗauki nauyi, kada ki yi daka. Amma kafaɗa da gwiwar hannu, su naki ne. Kullum ki miƙe ki lanƙwashe. In an cire zare ki tsaya gaban bango, yatsunki su riƙa hawa a hankali, ki sa alama inda kika kai. Gaɓar da aka bari wuri ɗaya daskarewa take yi, kuma ba ƙarfen da zai buɗe ta. Kin gane?"

"Na gane. Yaushe zan iya goyo?"

Matar ta yi dariya. "Ke dai goyo ne ya dame ki. In kin bi abin da na ce, nan da wata uku da kanki za ki ɗaure majanyi, in Allah ya yarda. Ki dawo mu gan ki nan da sati biyar."

Wannan magana Zulai ta riƙe ta da hannu biyu, ko in ce da hannu ɗayan da ya rage mata. Mace ba ta goyo sai hannayenta biyu sun kai baya, sun tallafo yaro, sun jawo zani, sun ƙulla. Tun ranar haɗarin Surayya ba ta hau bayan uwarta ba, sai dai ta yi ta miƙo hannu tana kuka.

Kwanakin farko a gida, wallahi abin gwanin sha'awa. Da hantsi, kafin Mannir ya tafi gona, sai ta tsaya gaban bangon ɗakinta, shi kuma ya ɗauko guntun gawayi daga murhu. Yatsunta su fara hawa, tana cije leɓe, gumi na tsattsafowa a goshinta.

"Ƙara kaɗan, Zulai. Haba, jiya ma kin wuce nan."

"Malam, da zafi fa."

"Na sani. Ɗan ƙara."

Inda yatsan tsakiya ya tsaya, nan zai ja layi. Alamar farko daidai ƙirjinta ta tsaya. Ta biyu ta ɗan ɗara. A kwana na tara alama ta kai saitin goshinta, har Mannir ya yi tafi kamar yaro, ya ɗaga Surayya ya nuna mata. Alamu tara a jere, kowacce da hannunsa ya ja ta.

Sai ranar kasuwar Safana ta zo. Barau ya je sayen man shanu, ya tsaya a rumfar Sammani mahauci, inda dattawa kan huta. Sammani mutum ne mai bakin tsiya, in bai tsokani wani ba abinci ba ya yi masa daɗi. Yana yankan nama bai ko ɗago kai ba ya ce, "Sarkin ɗori, ashe ku ma kun koma asibiti? An ce surukarka ta karye, sai da aka kai ta Katsina aka sa mata ƙarfe kamar ƙofar shago. To, mu da muke kawo maku namu, ina za mu nufa?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Barau ma ya yi dariya, amma iyakarta haƙora. Bai ƙara minti biyar a kasuwar ba.

Washegari da safe ya yi sallama a ƙofar sashen ɗansa, abin da bai saba yi ba. Matarsa Dije na biye da shi, ta rungumo karan dawa da aka fere aka jera da zare, da tsummoki, da ƙwaryar man shanu da aka cakuɗa da garin magani. A ɗaya hannun kuma budurwar kaza ce baƙa, tana ta fuffuka. Zulai ta ja hijabi ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, ɗiyata. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"To madalla. Miƙo hannun."

Ta saci kallon mijinta. Mannir na tsaye jikin rumbu, ya sa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa haɗa ido da tsohon nan ba, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, in ta hango shi a hanya ratsewa take yi. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma da wannan ake yabon ta. Yau kuma sai ta ce masa a'a, a kan sana'ar kakanninsa? Ta miƙa hannun.

Barau ya bi dantsen da yatsunsa tun daga kafaɗa har gwiwa, a hankali, sau biyu. Yatsun nan shekara arba'in suna lalubar ƙashi, ba a yi musu ƙarya. Ya ji ƙashi a miƙe sambal, ba abin ja, ba abin gyarawa. Zulai ta ji yadda hannunsa ya ɗan tsaya, ta ji ya ja numfashi. Ya sani. Wallahi tsohon nan ya sani sarai cewa aiki ya riga ya yi kyau. Amma ya karɓi kazar, ya karya mata ƙafa ƙas, ya ɗaure da ɗan kara kamar yadda ake yi a gidan, ya ce ranar da kaza ta taka, ranar mai karaya ta warke. Sannan ya shafe hannun Zulai da man, ya yi tofi, ya jera kara tun daga kafaɗa har gwiwa, ya naɗe tamau, ya lanƙwasa hannun ya ɗaure shi a ƙirjinta da zani.

"Kwana arba'in," ya ce. "Kada ya motsa. Duk wanda ya tambaya, a gida ake ɗorin ta."

Bayan sun fita ta dubi mijinta, hawaye na zuba. "Malam, ka ji fa abin da aka ce a asibiti. In bai motsa ba daskarewa zai yi."

"Na ji. To mi kike so in yi? Baba ne fa. In ce mashi bai iya ba?"

"Ka ce masa an riga an yi aikin."

"Ke ba ki ji abin da aka yi mashi a kasuwa ba. Kwana arba'in ne kawai, Zulai, kamar gobe ne. In an kwance sai ki ci gaba da hawan bangonki." Ya ɗauki fartanya ya fita, ko karin kumallo bai tsaya yi ba.

A kwana na uku yatsunta suka kumbura, zoben azurfarta ya nutse cikin nama, sai da aka sa sabulu aka zare shi da ƙyar. Dije ta duba ta ce, "Magani ne ke aiki, yana koro mugun jini." A kwana na shida ƙaiƙayi ya taso a ƙarƙashin karan, irin wanda ke sa mutum ya ji kamar ya yage fatarsa. Dije ta ce, "Alamar warkewa ke nan." Da aka kwance ran na bakwai don a sake shafa mai, Zulai ta yi wuf za ta miƙe gwiwar ko sau ɗaya, Barau ya dafe hannun ya ce, "A'a, ɗiyata, kada ki ɓata mani aiki." Aka mayar, aka ƙara tamkewa.

Ba ta iya ɗaura zani sai an taya ta. Abinci da hagu take ci, tana jin kunyar kanta. In za ta ba Surayya nono sai an ɗora mata ita a cinya, yarinyar na ture karan da ke sukar ta a kumatu. Daga nan Dije ta ɗauke yarinyar gaba ɗaya, wai don a hutar da mai jinya. Da ita take yini a baya, da ita take zuwa rijiya, sai lokacin shan nono a kawo ta a mayar.

Baƙi kuwa ba su yanke ba. Duk wanda ya kawo mai karaya, sai an leƙo da matan cikinsu su ga surukar gida a ɗaure cikin kara. Dije ce mai jawabi: "Ga ta nan. Can asibiti suka jagwalgwala ta, sai da Malam ya sa hannu. Mu da muka gaji abin?" Matan su ce Allah ya ƙara sauƙi, Zulai ta ce amin. Kai jama'a, mutum da ransa da hankalinsa an mayar da shi allon talla!

Ranar komawa asibiti ta zo. Tun da asuba ta yi wanka, ta sa aka ɗaura mata zanin fita, ta zauna bakin gado da takardarta a hannu. Mannir ya shigo ya gan ta, ya sosa ƙeya.

"Zulai, hanyar nan ba ta da kyau kwana biyun nan. An ce an ga mutanen daji wajen gada. Ba zan kai ki inda za a ɗauke ki ba."

Ta ajiye takardar, don maganar daji ba abin wasa ba ce a wannan yanki, kowa ya san wanda aka taɓa ɗauka. Amma rana ba ta take tsaka ba sai ta ji tashin babur. Ta leƙa ta kan katanga, ta hango shi ya ɗaure tumaki biyu a baya, ya hau wannan hanyar dai da ya ce ba ta biyuwa. Ashe tumaki sun fi ta ƙarfin hali.

Da yamma Tayyib ya kira wayar Mannir, ya ce a ba shi ƙanwarsa. Dije na zaune a kan tabarma kusa da ita tana tsince wake, amma hannunta ya tsaya cak.

"Zulai, kun je kuwa? Mi likita ya ce?"

"Ba mu samu zuwa ba, Yaya. Hanya."

"To, ai ba komai, a sa wata rana. Kina dai motsa hannun ko? Ina alama ta kai?"

Ta ɗaga ido ta dubi bangon ta ƙofar ɗaki. Alamu tara, ta sama a saitin goshi. Ta dubi surukarta. Kalma ɗaya ce tsakaninta da ceto, ta san in ta faɗa gobe da safe yayanta na ƙofar gidan nan da mota. Ta kuma san abin da zai biyo baya: a ce ta kai ƙarar uban mijinta wurin danginta, ta tona asirin gidan da take ci take sha, ta zubar da mutuncin tsoho.

"Tana nan sama, Yaya," ta ce. "Da sauƙi sosai."

Dije ta ci gaba da tsintar wakenta. "Allah ya yi maki albarka, 'yar nan. Ke dai 'yar mutunci ce."

Sau ɗaya ta gwada ceton kanta. A kwana na ashirin da huɗu, da rana tsaka, kowa na gona ana noma na biyu, ta rufe ƙofa ta sa haƙori da hannun hagu ta kwance zanin da ya manne hannun a ƙirjinta. Ta ce bari ta miƙe gwiwar. Gwiwa ta ɗan tafi kaɗan ta tsaya, kamar ƙofar da damina ta kumbura. Ta matsa, wani zafi ya soke ta har ƙwaƙwalwa, ta yi ƙara ba ta sani ba. Ashe Dije ta dawo ɗaukar ruwa. Ta banko ƙofa, Surayya a bayanta.

"La'ilaha illallahu! So kike ki kunyata mu? In hannun nan ya lalace wa za a zaga, ke ko Malam? Mu muna ta wahala da ke, ke kina warware mana aiki a ɓoye!"

"Inna, ba ya miƙewa. Don Allah ki duba, ba ya miƙewa."

"Yo ai sai ki bari a cika kwanakin. Gaggawar mi kike yi?"

Aka mayar da ɗauri. Daga ranar kuma aka daina barin ta ita kaɗai a gida.

Kazar kuwa tun a sati na uku ta fara ɗingishi, a na huɗu ta warke ras. Zulai kan zauna a inuwar rumbu ta yi ta kallon ta tana tono a bola, tana kora 'yan'uwanta. Ba ta taɓa zaton za ta yi hassadar kaza ba, sai ga shi ta yi.

Ran kwana arba'in Barau ya gayyato mutane. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, dattawa biyar suka zauna, har da Sammani mahauci, wanda aka aika masa takanas. Aka watsa tsaba, baƙar kaza ta sheƙo a guje, aka yi kabbara. Sannan aka fito da Zulai cikin hijabi, aka zaunar da ita, Barau ya warware tsummokin ɗaya bayan ɗaya.

Hannun da ya fito ba shi ne wanda ya shiga ba. Ya rame ya tsotse, fatar ta yi fari tana saɓulewa, wari na tashi. Gwiwar na nan a lanƙwashe yadda aka ɗaure ta.

"Ɗaga, ɗiyata, su gani."

Ta yunƙura. Kafaɗar ta ɗago gaba ɗaya har kunne, amma hannun bai rabu da haƙarƙarinta ba sai ɗan kaɗan. Ta sake yunƙurawa, bai ƙara ko kaɗan ba.

Barau bai ko girgiza ba. Ya kama dantsen ya matsa. "Ku taɓa ku ji. Ƙashi ya haɗe, ko bai haɗe ba? Nawa aikin ke nan, kuma na yi. Wannan sandarewar kau, ƙarfen da suka cusa mata ne. Ƙarfe a jikin ɗan Adam, ina zai bar jijiya ta saki? Da wurina aka fara kawo ta, da yanzu tana daka."

Sammani ya taɓa, ya jinjina kai. "Gaskiya ne, Sarkin ɗori. Ƙashi kam ya haɗe. Allah ya isa tsakaninmu da ƙarfen asibiti." Sauran suka ce haka ne, haka ne. Aka kawo fura.

Zulai ta tashi ta shige ɗaki. Ta aika aka kira mata mijinta. Da ya shigo ya same ta tsaye gaban bango, da guntun gawayi a hannun hagu. Ba ta kuka. Ta ɗora yatsun dama a bangon, ta fara hawa. Yatsu suka yi taku uku suka tsaya, ƙasa da alamar farko da kusan tafin hannu guda.

Ta miƙa masa gawayin. "Malam, sa alama."

"Zulai, ki yi haƙuri. Haka Allah ya..."

"Da hannunka ka ja tara ɗin can, da ƙarfen a jikina na kai su. Ka ja wannan ma, ta zama goma."

Mannir ya karɓi gawayin. Ya dubi alamar sama, wadda ya yi wa tafi, ya dubi inda yatsun matarsa suka maƙale. Daga waje aka jiyo muryar Barau yana cewa ina Mannir, ya zo baƙi za su tafi. Sai ya yar da gawayin, ya sa tafin hannunsa a bango ya shiga gogewa da sauri, tun daga sama har ƙasa, har alamu tara suka zama baƙin dabbare guda.

"Kada Baba ya shigo ya gani," ya ce a hankali. "Ransa zai ɓaci."

Ya fita. Ta ƙofa tana kallon sa yana bin dattawa ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, da wannan baƙin tafin, suna yi masa barka.

Ba wanda ya zage ta a gidan nan, ba wanda ya ɗaga mata hannu. Da "ɗiyata" da "'yar albarka" aka karɓe mata hannun dama, don kada a sake yi wa tsoho dariya a rumfar mahauci. Kunyar da aka koya mata tun tana ƙarama, ita aka kama aka ɗaure ta da ita, ta fi karan dawa tamkewa. Har yau in wani ya karye a yankin aka ce a tafi Katsina, sai ka ji an ce, "A'a, ba ku ga surukar Barau ba?"

Da baƙi suka watse, Dije ta sauke Surayya a tsakar gida don ta sha iska. Zulai ta zo ta durƙusa a gaban 'yarta, ta juya mata baya, ta karkato da kafaɗa yadda ta saba yi. Ko ba za ta iya ƙullawa ba, ta ji ɗumin yarinyar a bayanta.

"Zo, hau. Zo, uwata."

Surayya ta dubi bayan nan. Sannan ta juya, ta rarrafa wurin kakarta, ta kama zaninta tana miƙa hannu a goya ta.